Hassadar Alhaji Sale: ta ina za ta fito har mai kallo ya gani?

Hadiza_Birni:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga masu rubutu ce da ƴan tiyatar, wato ƴan wasan kwaikwayo. Ƙungiyarmu na shirya wasan kwaikwayo, ni aka ɗora wa tsara labarin. Wasan a kan wani Alhaji Sale ne, mai sayar da hatsi a Kasuwar Dole ta Damagaram, wanda ya riƙe ƙaninsa Habu tun rasuwar mahaifinsu. Da zinariya ta ɓulla a Jado, can arewacin Nijar, a 2014 Habu ya bi ayari, Allah ya ba shi, ya dawo ya gina gida ya sayi mota. Daga nan hassada ta shiga Alhaji. Ba na son ya tsaya gaban mutane ya ce yana jin haushin ƙaninsa, kuma ba na son in kai shi gidan boka yadda aka saba. Ni dai a ganina aibin da ke zuciya ba ya fita da sunansa, sai ya ari rigar wani abu ya sa. To wace riga hassadar Alhaji za ta sa, kuma yaya mai kallo zai gane ta a ciki?

DanZango:
Wa alaikumus salam. Ƴar'uwa, ki kai shi wurin boka ki huta. A fili ake wasan nan, yara na ihu, masu sayar da ruwa na wucewa. Wanda ke zaune can baya ba zai tsaya karanta zuciyar kowa ba. Da ya ga ƙwarya da jan ƙyalle ya san inda aka dosa.

Mushe_Laminu:
DanZango, wannan hanyar ce ta sa mugun wasa kaza da na wasa kaza duk suka zama mutum ɗaya.

Hadiza ƴata, na yi wasa da samariya, ƙungiyar matasa ta zamanin shugaba Kunce, kuma mun tashi muna sauraren Yazi Dogo da ƴan wasan gidan rediyon Damagaram. Yawancin wasannin lokacin ba a rubuta su kalma bayan kalma ba. A zauna a tsara ƙashin labari, a raba wa kowa matsayinsa, magana kuwa a bakin ɗan wasa take fitowa. Saboda haka abin da ake fara ba ɗan wasa shi ne ciwon mutumin da zai fito a matsayinsa. In ya riƙe ciwon da kyau, duk abin da abokin wasansa ya jefo masa zai mayar da amsa irin ta mai ciwon.

Ga abin da zan yi da Alhajinki. Ranar walimar sabon gida shi ne na farkon zuwa, tun ba a gama shimfiɗa tabarmi ba. Ya zagaya ɗaki ɗaki. Ya ƙwanƙwasa bango da ɗan yatsa. Ya tambayi buhu nawa na siminti aka ci, da aka faɗa masa ya yi shiru ya girgiza kai. Sannan a gaban surukan Habu ya ce: "Allah ya sa albarka. Sai dai da yaron nan ya yi shawara da ni, da ban bar shi ya sayi fili a nan ba, ruwa na kwanciya da damina." Ki lura, ba ƙarya ya yi ba, ruwan na kwanciya. Kuma ba wanda zai kama shi da laifi, yaya ne yana ba ƙaninsa shawara. Amma "yaron nan" da ya kira magidanci mai mata da ƴaƴa a gaban surukansa, ko na can baya da DanZango ke magana zai ji shi a jikinsa.

Inna_Mariama:
Mushe ya faɗi gaskiya, amma ya tsaya a baki. Mu mata mun fi sanin wadda ke fitowa ta hannu, wato ta kyauta. Akwai wata a danginmu, Allah ya ji ƙanta, duk bikin da za a yi a gidan ƙanwarta sai ta zo da gudummawar da ta fi ƙarfinta, har bashi take ci. Ba ta miƙa shi a ɗaka. Sai an cika, ta kwance ƙullin a tsakar gida, ta ɗaga atamfa ɗaya ɗaya tana faɗin kuɗin kowace. Ƙanwar na godiya tana haɗiye hawaye, don kowa ya gane ana nuna mata ne har gobe ita ce ƙasa.

Ki sa a haifa wa Habu ɗa. Habu ya riga ya sayi ragon suna. Da asuba sai ga Alhaji da rago wanda ya fi na Habu, ba wanda ya roƙe shi, ya kuma tsaya sai maroƙi ya yi shela da sunansa. Alhali mai kallo ya riga ya gan shi jiya yana rantse wa matarsa ba shi da jaka biyar ta kuɗin maganin ƴarsa.

DanZango:
To wannan kam na yarda, rago ana ganinsa daga nesa.

Malam_GarinMalam:
Assalamu alaikum. Abin da malama Hadiza ta hango yana da tushe. A hadisi na 6 cikin Arba'una, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a cikin jiki akwai wata tsoka, in ta gyaru jiki duka ya gyaru, in ta ɓaci jiki duka ya ɓaci, ita ce zuciya. Gaɓoɓi ma'aikatanta ne.

Zan kawo misali, amma a kiyaye, wannan ba ƙagaggen labari ba ne, gaskiya ce daga Alƙur'ani. Ku duba Suratu Yusuf. A tsakaninsu ƴan'uwan sun faɗi abin da ke ransu ƙarara, cewa Yusuf da ɗan'uwansa sun fi su soyuwa a wurin mahaifinsu. Da suka je gaban mahaifin kuwa, da wace magana suka je? Da maganar kulawa. A bar shi ya bi su ya yi wasa, su masu tsaronsa ne. Da dare suka dawo suna kuka. Mai hassada yakan zo da nasiha da hawaye. Marubuci ya yi nazarin wannan sura da ladabi, zai ga yadda maganar ɓoye da maganar fili ke rabuwa.

Dalibi_UAS:
Allah ya saka da alheri Malam. Ni tambaya ce da ni ga Yaya Hadiza. Kin tabbata hassada ce ke damun Alhaji? Ni da na karanta bayaninki wani abu na gani daban. Mutumin nan shekara da shekaru shi ne uban gida. In tsohuwarsu ba lafiya shi ake aika wa. In za a yi aure a dangi a zaurensa ake zama. Yau an wayi gari tsohuwa ta kwanta asibiti, kafin labari ya iso Kasuwar Dole Habu ya biya komai ya kawo ta gida a motarsa. Ba motar ce ke cin Alhaji ba. Abin da ke cinsa shi ne an daina buƙatarsa, kuma bai san wane ne shi ba in ba a buƙatarsa.

Bambancin na da amfani wajen rubutu. Mai hassada zalla so yake dukiyar Habu ta ƙone. Wannan kuwa ba ƙonewarta yake so ba, so yake Habu ya dawo zaure ya durƙusa ya ce Yaya ka taimake ni. Don haka in Habu ya shiga matsala, Alhaji zai fi kowa gudu wajen ceto shi, kuma ranar ce za a ga fuskarsa ta saki, ya ci tuwo da yawa, ya yi wa yara wasa. Wannan farin cikin a ranar baƙin cikin ƙaninsa ya fi boka goma ban tsoro.

Hadiza_Birni:
Ƙanena, maganarka ta tsaya mini a rai. Wato ba sai ya cuce shi da hannunsa ba.

Dalibi_UAS:
Ko ya cuce shi, ta hanyar shiru ce. Ya ji a kasuwa cewa wanda Habu zai ba kuɗi ya sayo masa kaya macuci ne. Ya sa takalmi zai je ya faɗa masa, ya kai bakin ƙofa, ya dawo ya zauna ya ce bari dai a yi la'asar tukuna.

Badukun_Birni:
Ku yi haƙuri, ni ban yi karatu mai zurfi ba, fata nake ɗinki. Amma ina ganin kuna wahalar da abu mai sauƙi. Gizo fa? Tun muna yara mun san Gizo makwaɗaici ne, ba a ɓoye mana ba, tun farkon tatsuniya ake faɗa. Kuma har yau ba a gaji da shi ba. Me ya sa sai an ɓoye halin Alhaji?

Ƴar_Mirya:
Baba Baduku, ba mai sauraro ake ɓoye wa ba, mutanen cikin labarin ake ɓoye wa. Ka tuna ta Gizo da hankaki yadda kakarmu ke ba mu ita. Sun tausaya masa, kowa ya cire gashi ɗaya ya ba shi don ya bi su cin ɓaure a tsakiyar ruwa. Da aka isa, duk ɓauren da hankaka ya nufa sai Gizo ya ce shi ya riga ganinsa. Bai taɓa cewa ni makwaɗaici ne ba, hujja yake kawowa, hakkinsa yake nema. Har suka gaji kowa ya zare gashinsa suka bar shi a kan itace. Mu da ke zaune gaban kaka mun san kwaɗayi ne, daɗin shi ne jin sabuwar hujjar da zai ƙirƙiro. Kuma abin da ya kayar da shi daga cikinsa ya fito, ba wani ya zo daga waje ya hukunta shi ba.

Badukun_Birni:
Haka ne ƴata. Amma dai an faɗa mana tun farko. Ni abin da ba na so shi ne in zauna awa biyu ban san wa zan bi ba.

Kabukabu_Karakara:
Ni duk wannan maganar zuciya zuciya tana ɗan ba ni haushi, ku gafarce ni. Kullum in za a nuna matashin unguwarmu a wasa ko a fim, sai a nuna shi da mugun hali kamar da shi aka haife shi. Ba a nuna ya tashi tun asuba ya zagaya gari babu aiki. Ba a nuna layin jarka a bakin famfo lokacin zafi, mutum ya kwana yana jira ruwa bai zo ba, da ya zo wani mai kuɗi ya turo a cika masa tukuna. In aka yi faɗa a wurin sai a ce zafin zuciya. Wace zuciya? Ƙishirwa ce. Shi ma Alhajin naku wa ya sani ko kasuwa ce ta karye masa, hatsi ya yi tsada, masu bashi sun gudu?

Inna_Mariama:
Ɗana, maganar ruwa kam ka taɓo inda ke mana ciwo. Bara da zafi abin da muka kashe wa ƴan garuwa ya kusa kai kuɗin cefane.

DanZango:
Mu a Zango sai tsakar dare yake zuwa, in ya zo.

Mushe_Laminu:
Kada ruwa ya tafi da mu. Amma maganar Kabukabu ba a wajen batun take ba. Ɗana, ka tsaya a bakin famfon nan ka duba da kyau. Ƙishirwa ɗaya ce ga kowa. Wani zai tura jarkarsa gaba in mai ita ya juya baya. Wani zai tsaya yana tsara layi da tsawa don yana son a san da shi. Wata za ta bar wa tsohuwa wurinta, ta koma gida ta huce a kan ƴarta. Matsi ba ya ƙirƙirar hali, yana matso shi waje ne. Ka yi gaskiya cewa marubucin da ya nuna faɗan ya ɓoye ƙishirwar ya yi zalunci. Wanda kuma ya nuna ƙishirwar kaɗai, mutanensa duka za su zama iri ɗaya.

Kabukabu_Karakara:
Mushe, na ji, amma ban sauka gaba ɗaya ba. Akwai matsin da in ya kai wani wuri kowa iri ɗaya yake zama. Ni dai roƙona ga Hadiza, a nuna rumfar Alhaji babu ciniki ko sau ɗaya, kada a fara da ragon.

Hadiza_Birni:
Wannan na ɗauka. Zan buɗe da shi yana auna tiya biyu ga mai saye ɗaya tun safe, motar Habu ta wuce ana yi masa kirari.

Bakano_a_Zinder:
Salamu alaikum mutanen Damagaram, baƙonku ne. Ina so in ja hankali kan wani abu. Ba dole ne hali ya zama mai zurfi kafin labari ya yi daɗi ba. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar da aka yi a Zariya a 1933 aka buga shi a 1934, me ke tafiyar da shi in ba ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ba? Wannan ya shirya wa wancan, wancan ya rama, a rabu a sake haɗuwa a wani gari. Ba wanda ya zauna yana tona abin da ya same su suna yara. Sama da shekara 90 ke nan ana karanta shi.

Ƴar_Mirya:
Malam Bakano, wancan labarin yawo ne da ban dariya, kowane gari da abin da zai faru. Na Hadiza gida ɗaya ne, uwa ɗaya uba ɗaya. In ba a shiga ciki ba me za a kalla?

Bakano_a_Zinder:
Ban ƙi ba. Tsorona kada a cika wasan da shiru da kallon ƙasa har ya zama ba abin da ke faruwa.

Inna_Mariama:
Shirun ma ai iri iri ne, kuma nan ne nake so Hadiza ta yi hattara. A wurinmu ba duk wanda ya kau da kai ne mai ƙiyayya ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yabonsa a gaban mutane, wani lokaci ko kallonsa ba ta yi sosai. Kunya ce, ba rashin so ba. Yaya ma ba ya zama yana zuba wa ƙaninsa yabo, ba a saba ba. Saboda haka in kika sa Alhaji ya yi shiru lokacin da ake yabon Habu, tsofaffi za su ce dattijo ne mai kara. Abin da zai tona shi shi ne akasin haka. Ya riƙa yabon da ya wuce kima. "Ai Habu yanzu shi ne babanmu, mu ƴan kallo ne." Da dariya a bakinsa. Duk Bahaushen da ya ji wannan ya san habaici ne.

Malam_GarinMalam:
Hajiya ta yi daidai. Kuma a ƙara da wannan: mai irin wannan ciwo ba ya ganin kansa mai laifi. Da dare in ya kwanta, lissafin alherin da ya yi wa ƙanin yake yi, kuɗin lakwal, kuɗin motar zuwa Agadas, sadakin farko. Duk gaskiya ne. Da su yake rufe wa kansa ido. Ina fata dai a ƙarshe za a nuna ya tuba, don mai kallo ya san ƙofa a buɗe take.

Dalibi_UAS:
Allah gafarta Malam, a nan zan ɗan saɓa maka cikin ladabi. Tubar da ake yi a minti biyar na ƙarshe, mutum ya faɗi yana kuka ana ɗaga shi, ita ce ke rushe duk ginin. Wanda ya shekara yana yi wa kansa hujja ba ya warkewa don an yi masa wa'azi sau ɗaya. In zai sauya, a ga sauyin a ƙaramin aiki. Misali wani karon ya ji labari a kasuwa, ya sa takalmi, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya, sannan ya fita.

Malam_GarinMalam:
Ai wannan ma tuba ce, ɗana, ta aiki. Ban ce sai da kuka ba. Abin da ba na so shi ne a tashi a bar shi yadda aka same shi.

Mushe_Laminu:
Ni kuwa ba zan ji komai ba in an bar shi yadda yake. Mun san irinsu da suka tsufa a haka. Wani lokaci ɗan kallo ya fi ɗaukar darasi in ya koma gida da abin yana damunsa.

Hadiza_Birni:
Na gode ƙwarai iyayena da ƴan'uwa. Ga fitowar da na tsara daren jiya, ku duba mini. An cuci Habu, kuɗinsa sun tafi. Ya zo zauren Alhaji bayan isha'i, ya cire takalmi ya zauna a ƙasa. Alhaji bai tambaye shi komai ba. Ya ƙwala wa matarsa kira a kawo tuwo da man shanu, ya sa a yanka kaza a daren. Yana ta zuba wa Habu nama a gabansa yana cewa ci, ci, ai ina raye. Matar na tsaye bakin ƙofa da buta, ita kaɗai ta san ya ji labarin macucin tun kafin a ba shi kuɗin. Ta dube shi, ya ƙi haɗa ido da ita, ya ce mata miyar ba gishiri.

Inna_Mariama:
"Miyar ba gishiri" ɗin nan ta yi. Haka suke, a kan na kusa suke saukewa.

Badukun_Birni:
Yanzu na san wa zan bi, matar zan bi.

DanZango:
Kallon da matar za ta yi masa ba zai kai baya ba, na faɗa tun farko. Sai dai ta saki butar ta faɗi, ko ta yi wata magana.

Kabukabu_Karakara:
Kazar fa, da wane kuɗi? Mutumin da ba ciniki. In bashi ya ci a nuna.

Ƴar_Mirya:
Ni wani abu ne ya rage mini. Tun safe Alhaji muke tonawa, Habu fa? Shi ba shi da nasa? Mutumin da yayansa ya riƙe shi tun yana ƙarami, ya dawo da kuɗi ya sayi fili bai ko gaya masa ba, ya biya asibitin tsohuwa bai aika an sanar da shi ba. Mantuwa ce, ko shi ma akwai abin da ya daɗe yana riƙe da shi tun lokacin da yake cin tuwon gidan yaya ana yi masa gori? In Habu fari tas ne, wasan zai karkata gefe ɗaya.

Hadiza_Birni:
Wallahi ban yanke ba tukuna. Rabin ƙungiyar na son Habu ya zama bai san komai ba, rabi na son ya zama da gangan yake yi. Wanda zai fito a Habu ma cewa ya yi ba zai iya buɗe baki a gwaji ba sai an gaya masa ko yana jin haushin yayansa.

Mushe_Laminu:
Yaron ya san aikinsa. Ku gwada duka biyun ranar gwaji, kada ku gaya wa mai fitowa a Alhaji wanne ake yi.

Dalibi_UAS:
Ni ina bayan Habu mai riƙo. Amma in haka ne fitowar zauren sai an sake ta, don wanda ke da riƙo ba zai zauna a ƙasa da sauƙi haka ba. Yaya Hadiza, zai zo da kansa ne ko tsohuwa ce za ta turo shi?